Zafin Injin Tsohuwar Motar Jeji: Ina Ya Kamata Allura Ta Tsaya?

Shin injin da ke aiki da sanyi ya fi lafiya, ko kuwa akwai zafin da sai ya kai kafin a ce yana aiki daidai? Tambaya ce da takan dawo duk shekara da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Agadas. Masu tsofaffin Land Rover da Land Cruiser sun fi kowa shiga wannan gardama, domin motocinsu ne ke keta rairayi da hawan dutse da kaya niƙi-niƙi, kuma da yawansu sun haura shekara 40 a duniya. Direba yana so ya ga allurar zafi kwance a ƙasa. Da ta ɗan ɗaga kai sai hankalinsa ya tashi, ya nufi gareji. A can kuwa amsar da ya fi samu ita ce: "Alhaji, a cire tamostat kawai. Na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu."

A ganina wannan shawara tana cin injuna a hankali, kuma tana rufe ainihin ciwon da ya kawo motar gareji. Amma masu ba da ita ba su rasa hujja ba, don haka ya kamata a bi maganar daki-daki.

Wane zafi ake kira daidai?

Injin irin waɗannan motoci, na fetur ne ko na dizal, an ƙera shi ne ya yi aiki ruwansa na tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Wannan zafi ne da zai ƙone hannun mutum nan take, amma ga inji shi ne lafiya.

Kamfanonin da kansu sun rubuta wannan a jikin tamostat, ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto in ya yi zafi. Land Rover ƙirar Series II da ta fito a 1958, da IIA ta 1961, da Series III da aka yi daga 1971 zuwa 1985, yawancinsu da injin lita 2.25 suke, kuma tamostat ɗin da ake sa musu iri biyu ne: mai buɗewa a digiri 74 da mai buɗewa a 82. Injunan dizal na 200Tdi da 300Tdi da suka biyo baya, nasu a 88 yake buɗewa. Land Cruiser FJ40, wadda Toyota ta fara a 1960 ta ci gaba da yin ta har 1984, injunanta na F da 2F suna amfani da mai 82 ko mai 88. Lambar nan ita ce inda tamostat ke fara buɗewa. Ba ya gama buɗewa sai zafin ya ƙaru da digiri 10 zuwa 15. Saboda haka motar da ke da tamostat mai 82, in ruwanta ya kai 90 ko 92 a kan hawa da rana tsaka, sannan ya sauko bayan an gama hawan, ba abin da ya same ta. Aikinta take yi.

Abin da ya cancanci tsoro shi ne allurar da ke hawa ba ta tsayawa, ko wadda ta canja hali: jiya a nan take zama a wannan hanya da wannan kaya, yau ta wuce wurin.

Me ya sa ake son inji ya ɗumama?

Man da inji ke ƙonawa ba duka ke zama ƙarfin tafiya ba. A ƙiyasce, kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka ne ke juya tayoyi, wajen kashi ɗaya ya fita ta salansa, sauran kuma ruwa ne ke kwashe shi ya kai lagireto iska ta ɗauke. Aikin ruwa ke nan: ya rage abin da ya yi yawa, ya bar wa injin daidai buƙatarsa.

In inji ya zauna da sanyi, fetur ɗin da kafireto ya feso ba ya gama zama tururi. Wani yakan kwanta a bangon silinda ya wanke baƙin man da ke kare fistin da ringi, ya gangara ƙasa ya tsinka man. Ƙonewar mai kuma tana haifar da tururin ruwa, wani yana silalewa ta gefen ringi ya shiga cikin baƙin mai. In man ya yi zafi sosai, ruwan yakan tashi ya fita. In bai yi ba, sai ya zauna ya haɗu da dauɗar hayaƙi ya zama wani kauri mai kama da kwaɓaɓɓen laka, ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Injin dizal mai sanyi kuwa hayaƙi yake yi, ƙarfinsa ya ragu, toka ta taru a bakin nozul. Ƙarafan ma an auna su ne da tunanin za su kumbura su cike gurbinsu in sun ɗumama.

Duk wannan ba ya nuna kansa a mako ɗaya. Mai mota zai ga dai tana shan mai fiye da da, baƙin mai yana saurin lalacewa, bayan wani lokaci ta fara hayaƙi a ce sai an sake ringi. Ba wanda zai tuna da ɗan ƙarfen da aka cire aka jefar a gareji.

Gardamar tamostat

Tamostat ƙaramin bawul ne da ke zaune a inda ruwa ke fita daga inji zuwa lagireto. A cikinsa akwai wani kaki da ke kumbura in ya ji zafi, ya tura bawul ɗin ya buɗe. In ruwan ya huce, sifirin ya mayar da shi ya rufe.

Masu cewa a cire suna da hujja uku, kuma biyu daga ciki suna da nauyi. Ta farko, tamostat yana iya maƙalewa a rufe, in kuwa ya maƙale, ruwa ba ya zuwa lagireto, inji zai tafasa cikin 'yan mintoci. Wanda hakan ta same shi tsakanin Agadas da Dirku, inda ba gareji ba rijiya a kusa, ba za ka ga laifinsa ba in ya cire ya ci gaba da tafiya. Ta biyu, kasuwa cike take da jabu, kuma bakanike ba ya son a dawo masa da mota ana zarginsa. Ya gwammace ya cire abin da bai amince da shi ba. Ta uku ita ce wadda aka fi faɗa kuma ita ce mai rauni, wato wai don ƙasashen sanyi aka yi shi.

Tamostat ba ya sa iyakar sama, iyakar ƙasa yake sawa. Da zarar ruwa ya haura lambarsa da digiri 10 zuwa 15, ya riga ya buɗe gaba ɗaya, hanya a sake take. In mota ta ci gaba da hawa daga nan, ba shi ya tare ruwan ba, lagireto ne ya kasa sauke zafin da ake kawo masa. Cire shi kawai yana sa injin ya faro daga ƙasa, ya daɗe kafin ya kai ga tafasa. A gajeriyar tafiya sai a ce an warke. A doguwar hawa da kaya, ciwon ya dawo yadda yake. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Akwai kuma abin da kanikawa da yawa ba sa lura da shi. Injuna da dama suna da wata gajeriyar hanya da ruwa ke kewayawa cikin inji ba tare da ya je lagireto ba, domin famfo ya samu abin juyawa kafin tamostat ya buɗe. A wasu injunan, tamostat ɗin ne da kansa ke toshe wannan hanya in ya buɗe, da wani faifai a ƙasansa ko zobe a gefensa. Tsofaffin injunan Land Rover na 2.25 na farko-farko haka suke. In an cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai ga lagireto ba. A irin wannan injin, cire tamostat yana iya ƙara zafi a lokacin da aka fi buƙatar sanyi. An gudu ba a tsira ba.

Batun cewa ƙasarmu ba sanyi kuwa, duk wanda ya tayar da mota da asuba a Jos ko Gembu ko Agadas cikin hunturu ya san ba haka ba ne. Ko da rana tsaka ma, iskar digiri 40 ba ta wuce rabin zafin da injin ke nema ba.

Wanda ke shakkar tamostat ɗinsa, gwada shi ba wuya. A ɗaure shi da zare a rataya cikin tukunyar ruwa, kada ya taɓa gindin tukunyar, a ɗora a wuta. Tun kafin ruwan ya tafasa, lokacin da ƙananan kumfa suka fara tasowa daga ƙasa, za a ga bakin ya fara rabuwa kamar kaurin farce. Ruwa na tafasa ya kamata a gan shi a buɗe sosai. A sauke a bar shi ya huce, ya koma ya rufe ruf. Wanda bai motsa ba, ko ya buɗe rabi ya tsaya, ko ya ƙi rufewa, a sake shi. Sabon da aka sayo ma a yi masa wannan gwaji kafin a ɗaura, shi ne maganin jabu. Mai Land Rover da ke aiki a wuri mai tsananin zafi yana iya zaɓar mai 74, tunda kamfanin ya tanade shi. Mai doguwar tafiyar sahara kuma ya riƙe na ajiya da gasket ɗinsa a akwatin kayan aiki.

Zafi daban, tafasa daban

Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a buɗaɗɗiyar tukunya. In an rufe shi an matse, sai ya wuce haka kafin ya tafasa. Wannan shi ne aikin murfin lagireto, kuma shi ya sa nake ganin ba abin da aka raina a motar kamar wannan murfi. Wanda aka rubuta wa 0.9, wato ƙarfin matsinsa, irin da ake gani a motocin Toyota da yawa, yana ɗaga wurin tafasar ruwa zuwa kusan 118. Na tsofaffin Land Rover Series bai kai haka ƙarfi ba, amma shi ma yana kai ruwan sama da 110.

To, ka ɗauki motar da robar murfinta ta tsage, ko aka ɗaura mata murfin wata mota, ko aka toshe bakin da tsumma. Ruwanta zai tafasa a 100 ko ƙasa. Na ce ƙasa domin tudu yana rage wurin tafasa, kusan digiri ɗaya a kowace mita 300. A Jos, mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya, ruwa na tafasa a wajen 96. A tsaunin Mambila, inda tsayin ya kai mita 1,600, a wajen 95. Tsohuwar Land Rover da ta taso daga Mayo Selbe tana hawan tsaunin da kaya, ruwanta zai iya kai 95 lafiya lau. In murfinta na da kyau, ta wuce. In ya mutu, sai ta fara aman ruwa, ruwan ya ragu, ragowar ya ƙara zafi, daga nan kuma sai zafin gaske ya zo. Injin da ba abin da ya same shi ya ƙone gasket ɗin kan silinda saboda murfin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Kada kuma a ce tunda haka ne a sa wa tsohuwar mota murfi mafi ƙarfi. Tsohon lagireto na tagulla da aka haɗa da dalma, da tsofaffin tiyo, ba za su jure matsin da ba a yi su dominsa ba.

Ruwan da muke zubawa

Nan ne ainihin ciwon yawancin motocin nan yake. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da gishirin ƙasa. Duk wanda ya leƙa cikin butar da aka daɗe ana dafa shayi da ita ya ga farin ɓawon da ke manne a gindinta. Shi ne ke taruwa a cikin inji da lagireto, ga kuma tsatsa, tunda gangar jikin injunan nan baƙin ƙarfe ce. Motar da ke yoyo ana ƙara mata ruwa kullum, kullum sabon gishiri ake ƙara mata, domin ruwa ne ke tafiya, gishirin yana nan.

In mai gyaran lagireto ya narkar da dalma ya ɗaga tankin sama, za ka ga bakunan bututun a jere. A tsohon lagireto, wasu a buɗe suke, wasu sun rage kamar ƙofar allura, wasu kuma sun toshe da wani abu ja-ja mai tauri. Yakan zura siririn ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, wani ya wuce, wani ya tsaya a rabi. Wanda ya fashe sai a matse bakinsa a like da dalma. Daga waje lagireton yana nan da girmansa, a ciki kuwa wataƙila rabinsa ne ke aiki. Wankin da ake yi da tiyo ta sama ruwa ya fita ta ƙasa ba ya buɗe irin wannan toshewa, ruwan ta bututun da ke buɗe yake bi. Ɗanyen ƙwai da sauran abubuwan da ake zubawa don tsayar da yoyo suna iya fitar da mutum daga daji, amma in aka bar su ciki su ma toshewa suke ƙarawa.

Ruwan kulan, mai launin kore ko ja, shi ma ana ce masa na ƙasar ƙanƙara. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma amfaninsa a wurinmu shi ne maganin tsatsa da ke cikinsa, da kuma ɗan ɗaga wurin tafasa: haɗin rabi da rabi yana kai wa wajen 107 ko ba murfi. Sai dai ruwa zalla ya fi shi kwasar zafi, don haka zuba shi tsantsa ba tare da sirki ba kuskure ne. A sirka shi da tataccen ruwa, irin wanda ake zuba wa batir, ba asid ba, ko ruwan sama mai tsabta. Maganin tsatsar yana ƙarewa, irin na da ana sake shi duk shekara biyu.

Me ya sa jeji ya fi kwalta wahalar da inji?

A kan kwalta gudun mota ne ke tura iska cikin lagireto. A rairayi mai laushi kuwa, an sa ƙaramin giya, injin na kuka da dukkan ƙarfinsa, motar na tafiya kamar ta mai ƙafa. Zafi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. In iskar ma daga baya take busowa, abin ya ƙara muni. A nan fanka ce kaɗai ke aiki, shi ya sa fambel mai sako-sako, ko fankar da kulocinta ya mutu, ko rashin murfin da ke kewaye fanka yana tilasta iska ta bi ta cikin lagireto, ba sa nuna kansu sai an shiga daji. Wannan murfin fanka kanikawa sukan cire shi don ya tare musu hannu, ba a mayarwa. Ga laka da damina, ga ƙaiƙayi da irin ciyawa da kaka, ga ƙurar hunturu da ke manne wa duk inda mai ya jiƙa. Ga manyan fitilu da ƙarfen gaba da ake ƙarawa suna tare iska.

Lokacin da allura ke hawa yana faɗin inda ciwon yake. In a tsaye ko a tafiyar hawainiya take hawa, ta sauka in an samu gudu, matsalar iska ce: a duba fanka da fambel da dattin gaban lagireto. In a gudu ko a hawa take tashi, ta sauka in an rage wuta, matsalar ruwa ce: lagireto ya toshe, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana shaƙewa in famfo ya ja da ƙarfi. A injin fetur a duba taimin, domin wutar da ta makara tana ƙara zafi, haka ma kafireton da ke ba da mai kaɗan iska da yawa. Birkin da ke riƙewa shi ma yana sa inji aikin banza.

Allurar ma sai an tuhume ta

Ma'aunin zafi na Land Rover Series III da na mai suna samun wuta ne daga wata 'yar na'ura a bayan allon direba da ke daidaita ta a volt 10. In ta lalace, allurai biyun sukan hau tare. Wanda ya ga tankinsa ya ƙi raguwa, zafi kuma ya hau a rana ɗaya, ya fara duba can kafin ya kwance inji. Haka in an sake inji ko an sa sansan zafi na wata mota, allurar za ta nuna abin da ba shi ne ba. Ma'aunin zafi na hannu, mai kama da ƙaramar bindiga da ake nuna wa ƙarfe, yana raba gardama: a auna gidan tamostat, a auna sama da ƙasan lagireto, a bi faɗinsa a ga ko akwai wuraren da suka yi sanyi, alamar bututun wurin sun toshe.

Mafi haɗari ita ce allurar da ta hau sannan ta faɗo da kanta ana cikin tafiya. Sansan yana auna ruwa ne. In ruwan ya zube, ba abin da zai auna, sai ya nuna sauƙi alhali ƙarfe na ƙonewa.

In ta hau a hanya

A sauka gefe a buɗe bonet. In ba ruwan da ke zuba, fambel na nan, fanka na juyawa, a bar injin yana aiki a hankali, a juya gaban motar ga iska, a kunna hita in akwai, domin ita ma ƙaramin lagireto ce. Kashe shi nan take yana tsayar da famfo, zafin da ke cikin ƙarfe ya taru wuri ɗaya. In kuwa ruwa na zuba, ko fambel ya tsinke, ko tururi na tashi, a kashe ba jira.

Kada a buɗe murfi. Ruwan da ke ciki ya wuce 100, matsi ne ya hana shi tafasa, ana sassauta murfin zai yi tsartuwa zuwa fuska da ƙirji. Yaran mota da yawa suna ɗauke da tabon wannan. A jira har tiyon sama ya yi laushi a hannu, sannan a rufa tsumma mai kauri a murɗa kaɗan iska ta fita. Kada a sheƙa ruwan sanyi a kan inji ko cikinsa yana da zafi, kan silinda yana iya tsagewa ko ya lanƙwashe. Na baƙin ƙarfe irin na Series da 2F yana da haƙuri, na alminiyam irin na Tdi ba shi da shi. In ya huce, a tayar a riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan.

Bayan an isa gida, a duba ko tafasar ta bar ɓarna. Da safe injin na da sanyi, a buɗe murfi a tayar: kumfa mai tasowa ba tsayawa, ko tiyon da ke yin tauri tun injin bai ɗumama ba, ko farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa, ko baƙin man da ya koma launin shayi da madara, duk suna nuna gasket ya tafi. In an kwance, a kai kan silinda a auna ko ya lanƙwashe kafin a ɗaura sabon gasket, a kuma nemo abin da ya jawo tafasar tun farko, domin in lagireton nan ne ko murfin nan, sabon gasket ɗin ma ba zai kai wata bazarar ba.